A Ƙara Wa Rigunan Tsawo

Zuwa ga ƙanwata Tela,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da kuma Gwaggo da ciwon gwiwarta. Mu ma nan lafiya lau, sai sanyi da ya hana mu sakat. Har yanzu bas nake tuƙawa, bayana kuma ya fara ƙorafi. Shekara goma sha shida a kujerar direba ba wasa ba ce.

Na san za ki ce me ya tuno wa wannan mutumin da ni, wanda rabonsa da rubuto mini tun ina amarya. Ki yi haƙuri. Kakata da kakarki ciki ɗaya suka fito, ko da yake ni da ke ba mu fi sau uku muka zauna wuri ɗaya ba. Zumunci ne ya kawo ni, da kuma aiki.

Kin san ƙungiyarmu ta 'yan'uwa Musulmi mazauna nan ƙasar waje, wadda nake yi wa sakatare. Shekara huɗu ke nan muna tallafa wa gidan nan na kula da masu taɓin hankali da ke bayan tashar motarku. Can na sa aka kai Autar Gwaggo bara, lokacin da mijinta ya faɗo daga saman gini ya rasu, mai gidan da suke haya ya kore ta daga ɗaki, ta daina ci ta daina barci. Gwaggo ba ta da ƙarfin riƙe ta. Wasiƙa ɗaya na rubuta wa Shugaban gidan, ya karɓe ta ba tare da ja-in-ja ba. A cikin abubuwan da na yi a rayuwata, wannan yana cikin waɗanda nake fatan in tarar a gaban Allah.

Yanzu mun yanke shawarar ɗinka wa matan gidan riguna, su arba'in, shuɗin yadi iri ɗaya. Da aka ce wa za a ba, na ce ina da ƙanwa wadda kekenta ba ya ƙarya. Ki je ki ga Shugaba, ya san da zuwanki.

Abu na biyu, idan kin je ki duba mana Auta. Gwaggo ta ce ba a barin dangi su shiga ciki, wai don kada a tayar wa marasa lafiya da hankali, kuma na ga hikimar hakan. Ke kuwa aiki zai kai ki har ɗakunansu. Ki rubuto mini abin da idonki ya gani, ko layi biyar ne.

Ki gaishe da kowa.

Yayanki Direba

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta iso, na gode da tunawa da ni. Muna lafiya. Maigida yana fama da tari amma da sauƙi, yara suna makaranta, Gwaggo tana nan tana lallaɓawa da sanda. Allah ya ba ka sauƙin bayan.

Na je gidan sau uku, na auna matan, na ɗinka rigunan, na kai. Shugaba ya ce in ba shi wannan wasiƙar a buɗe, zai haɗa ta da takardun da yake aika muku, wai don kada in wahala da zuwa gidan waya. Yanzu haka a ofishinsa nake rubutawa, yana zaune yana shan shayi yana kallona. Saboda haka zan taƙaita. Kai mai hankali ne, ka karanta a hankali.

Yaya, tunda uwata ta haife ni ban taɓa ganin wuri irin wannan ba.

Na ga Auta. Ta daina ihu, ta daina kuka ma. Duk matan haka suke, shiru. Inda aka ajiye mace da safe, nan za ka dawo da yamma ka same ta, ba ta matsa ko taku biyu ba. Na tabbata duk wadda ta shiga gidan nan ba za ta fita yadda ta shiga ba.

Akwai wata Hajiya mai kula da ɓangaren mata, ana ce mata Mai Makulli, don ɗaurin makullan da ke hannunta ya kai girman kan jariri. Ita ta ce in ƙara wa rigunan tsawo har su share ƙasa. Na ƙara.

Roƙona kullum shi ne Allah ya saka wa masu gidan nan daidai da abin da suke yi, kada ya rage musu komai.

Ka tuna abin da kakarka take cewa idan yaro ya fasa mata kwano? Takan dube shi ta ce, "Madalla." To, Yaya, madalla da wannan aiki.

Zan sake rubuto maka da kaina idan na samu sarari.

Ƙanwarka Tela

*

Zuwa ga ƙanwata Tela,

Assalamu alaikum. Ina fatan tarin maigida ya tafi, yara kuma suna karatu. Ni dai yau farin ciki ya sa ko ciwon bayan ban ji ba.

Ashe ke marubuciya ce kika ɓoye a bayan keke! Wasiƙarki ta iso ana saura kwana biyu taronmu na shekara. Na tashi a gaban mutane fiye da ɗari biyu na karanta ta. Da na zo inda kika ce Auta ta daina ihu ta daina kuka, wallahi sai da muryata ta karye. Wata baiwar Allah a layin gaba ta fashe da kuka. Da na karanta addu'ar da kika yi wa masu gidan, zauren gaba ɗaya ya amsa da amin, har bango ya ɗauka. Ba mu taɓa ganin mutane sun buɗe hannu kamar ranar ba.

Dattawan ƙungiya sun ce maganarki ta fi duk rahoton da Shugaba yake aikowa, domin ke ba ma'aikaciyar gidan ba ce. Shi ya sa muka buga 'yar takarda mai hoto don rabawa a masallatai. Ga guda na saka miki a ciki. Dubi Auta a tsakiya cikin shuɗiyar rigarki, tana murmushi! A ƙarƙashin hoton muka sa kalamanki: "Duk wadda ta shiga gidan nan ba za ta fita yadda ta shiga ba." Muka rubuta, in ji wata 'yar'uwar mai jinya.

Tsawon rigunan ma ya burge dattawa. Suka ce wannan Hajiya ta san darajar suturar mace.

Maganar kakata ta ba ni dariya. Ni dai ban tuna tana faɗin haka ba, na bar gabanta ina ƙarami. Allah ya ji ƙanta.

Ki nuna wa Gwaggo hoton, hankalinta zai kwanta. Ki shirya kuma, akwai maganar zannuwan gado nan gaba.

Yayanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ba don wasiƙarka ba. Wannan da hannuna na liƙe ta, da ƙafata na kai ta gidan waya, don haka ka gyara zama.

Na buɗe takardarku a shago, na ga fuskar Auta da maganata a ƙarƙashi, sai da na fita bayan shago na yi amai. Ba misali nake maka ba. Amai na yi, maƙwabcina mai walda ya kawo mini ruwa.

Na ce maka a ofishin mutumin nake rubutu yana kallona. Na ce ka karanta a hankali. Me kake so in ƙara, in zana maka hoto? Mutum ɗari biyu, a ce babu ko ɗaya da ya tambaya me zai sa mace mai rai ta wuni ba ta matsa taku biyu ba?

Sarƙa ce, Yaya. Ɗaure suke.

Ɗakunan mata uku ne a ƙasa, can baya. Siminti ne tsirara, an kafa zoben ƙarfe a jikin bango, kowane zobe da mace biyu ko uku. Bokiti ɗaya a lungu, shi ne banɗakinsu. Tun daga baranda wari yake tarar mutum, irin wanda yake manne wa a tufafi. Ranar farko da na dawo gida, maigida ya tambaye ni ko kwata na faɗa.

Da na durƙusa in auna tsawon ta farko, na ga idon sawunta. Fatar ta zagwanye, ƙudaje na bi. Na ɗago na dubi Mai Makulli, ita kuwa ko a jikinta. Ta ce, "Ki auna daga kafaɗa zuwa ƙasa, ki ƙara tafin hannu ɗaya."

Na ce, "Hajiya, za su riƙa takawa suna faɗuwa."

Ta ce, "Ina za su je da za su faɗi?"

Wannan ita ce darajar suturar da dattawanku suka yaba. Kuma ni na ɗinka. Na zauna kwana tara ina ƙara tafin hannu a kan riga arba'in, na san abin da nake rufewa. Na ce wa kaina aikin Yaya ne, kada in kunyata shi, kuma in ban yi ba wata za ta yi. Ƙyamar da nake ji ba ta tsaya a kanku ba, har da ni a ciki.

Ranar hoto ina wurin, an kira ni in yanke zare. Aka kwance su, aka watsa musu ruwa da tiyo kamar ana wanke mota, aka zura musu rigunan. Aka fito da katifu daga sito, har da ledarsu ba a cire ba, aka jera a ɗakin gaba mai fanka. Mai Makulli ta ce duk wadda ta yi murmushi za a bar ta ta zauna a rana bayan an gama. Murmushin da ya burge ka ke nan. Mai hoto yana fita aka tuɓe rigunan, aka ninke, aka mayar sito tare da katifun. Na ji tana ce wa wata ma'aikaciya a adana su da kyau, akwai baƙi wata mai zuwa.

Shirun kuwa na allura ne. Wani mutum ne yake zuwa, wanda na san shi da sayar da magani a bakin tasha, ya bi su layi ya tsira wa kowa iri ɗaya, babba da yarinya. Sai ka ga mace zaune yawu na zuba, idonta a buɗe amma ba kowa a ciki.

Ka san akwai bene? A sama ake ajiye 'ya'yan masu hali, waɗanda ƙwaya ta taɓa ko damuwa ta kama. Akwai labule, akwai talabijin, likita na gaske yana zuwa duk Laraba. Su ba a ce musu mahaukata, "masu hutu" ake ce musu. Kwalayen maganin da kuke aikowa, masu tambarin ƙungiyarku, a saman na gan su. Matan ƙasa da suka ɗan fi kwari su ake kwancewa su wanke wa masu hutu kaya. Shugaba ya ce mini wannan shi ake kira warkarwa ta hanyar aiki. Ya faɗa yana jan carbi.

Auta ta gane ni. Na zagaya tef a ƙirjinta, hannuna ya kusa haɗewa ta baya, duk ta ƙare. Ta sa baki kusa da kunnena ta ce, "Yaya Tela, laifin me na yi? Ki tambayo mini, in na sani sai in ba da haƙuri."

Ga tambayar nan na miƙo maka, tunda kai ka rubuta wasiƙar da ta kai ta.

Ban nuna wa Gwaggo hoton ba. Ku cire maganata daga takardarku. Zannuwan gado kuma ku nemi wani tela, babu gadon da za a shimfiɗa su.

Tela

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna nan lafiya. Ina fatan kai ma lafiya ce ta sa ka shiru, ba wani abu ba. Mako goma ke nan. Farko na ce wasiƙar ce ta ɓata. Daga baya na ga an liƙa sabuwar takardarku a ƙofar gidan, da hoton da maganata, har an ƙara girman rubutun. Sai na gane ta isa.

Ban jira ka ba. Na gaya wa Gwaggo komai. Ta ce in miƙo mata sandarta. Muka biya wa limamin unguwarmu, tsoho ne da ba ya son hayaniya, ya saurare ni har ƙarshe ya ce mu je.

Shugaba ya tare mu a ofis da fara'a. Da ya ji abin da ya kawo mu, fara'ar ta ɗauke. Ya ce ni na ci amanar aikin Allah, an ba ni ɗinki na koma leƙen asiri. Ya ce waɗannan mata kafin ya tattaro su a bola suke kwana, wa ya kula da su? Ya ce Auta ba za ta fita ba sai da izinin wanda ya kawo ta, wato kai.

Gwaggo ta ce, "Shi ya haife ta?"

Liman ya tashi ya bi baranda, muna biye, har ɗakin da Auta take. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi abin da ke ciki. Sannan ya tattara farar rigarsa ya zauna a kan simintin nan, kusa da bokitin, ya ce shi nan zai wuni, idan mutanen unguwa sun neme shi sallar azahar a gaya musu inda yake. Ba a yi minti goma ba makulli ya fito.

A bayana na goyo Auta zuwa bakin titi, ƙafar ba ta takuwa. Washegari muka kai ta asibitin gwamnati. Mun tarar da layi har waje, likita ɗaya ce tal, sai bayan la'asar muka shiga. Ta duba ƙafar, ta tambaye ni a ina aka yi wannan. Na gaya mata. Ta ajiye biro ta ce in maimaita a hankali, ta rubuta duka, ta ce za ta kai inda ya dace.

Auta tana gidana. Likita ta ce ciwon damuwa ne mai tsanani, yana da magani, kuma da an kawo ta tun farko da ba a kai ga haka ba.

Ba neman komai nake a wurinka ba. Na ga ya kamata ka san inda 'yar'uwarka take.

Tela

*

Zuwa ga ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Wasiƙunki biyu suna hannuna. Ina gaishe da Gwaggo, in za ta amsa. Ina gaishe da maigidanki, Allah ya saka masa da ya buɗe ƙofarsa. Lafiyata ƙalau ta jiki.

Ta farkon a wurin hutun direbobi na karanta ta. Na ji haushinki, ba zan ɓoye ba. Na ce kin tozarta ni, kin bar ni na tsaya gaban jama'a ina karanta zagi a matsayin yabo. Kwana uku ina wannan haushin kafin na lura cewa kunyata nake wa kuka, ban ko tsaya a kan ƙafar Auta ba.

Na kai wa dattawa wasiƙar. Mu biyar muka zauna. Babbanmu ya karanta, ya ninke, ya ce mata akwai zuzuta abu. Wani ya ce ko da gaskiya ne, tona wannan zai ba maƙiya addini abin faɗa. Wani ya ce idan mutane suka daina bayarwa, matan nan arba'in yunwa za ta kashe su, alhakin a wuyan wa? Aka ce za a rubuta wa Shugaba nasiha a asirce. Aka yi addu'a aka tashi, aka ci abinci. Ni ma na ci. Takardar kuma an riga an buga da yawa, aka ce asara ce a zubar.

Abin da ya hana ni rubuto miki ba wannan ba ne. Akwai maganar da ban taɓa gaya wa kowa a dangi ba, ko matata sai da aka shekara ta sani.

Shekara shida ke nan ina shan maganin ciwon damuwa. Ya kama ni bayan rasuwar mahaifiyata, da ban samu zuwa jana'iza ba. Na daina barci, na daina ci. Wata rana na tsayar da bas cike da mutane a tsakiyar titi, na kifa kai a sitiyari ina kuka. Abin da ya samu Auta, shi ne ya same ni, babu bambanci. Ni aka kai ni wurin likita a ɗaki mai kujeru masu laushi, ta ba ni awa guda tana saurarena. Wurin aiki suka ba ni hutun wata uku, suka riƙe mini gurbina. Kowace safiya ina haɗiyar ƙwaya ɗaya fara, in ɗauki makullin mota in fita, a masallaci ana ce mini Sakatare.

Da Gwaggo ta aiko mini da labarin Auta, na gane ciwon tun daga layin farko. Na san sunansa, na san maganinsa, yana cikin aljihun rigata. Da na ce a kai ta asibiti, da an tambaye ni ina na san wannan. Sai na rubuta wa Shugaba. Ban san da sarƙa ba, Allah shaida ne. Amma ban tambaya ba, kuma shekara huɗu ban taɓa tambaya ba, domin hotunan suna da kyau kuma ana yaba mini.

Na ajiye muƙamin sakatare ranar Juma'a. Na faɗi dalili a gaban jama'a, ba a bar ni na kai ƙarshe ba, aka kashe lasifika. Wasu sun biyo ni waje suna tambaya, na ba su kwafin wasiƙarki. Ki yafe, wannan karon duka na ba su, ban cire ko harafi ba.

Amsar tambayar Auta ita ce ba ta yi laifin komai ba. Ki gaya mata. Maganar ciwona kuma ki gaya mata ita kaɗai, in kin ga za ta iya ɗauka. Ita ce ta fi kowa haƙƙin sani.

Yayanki

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Wasiƙarka ta iso tun watan jiya, hidima ce ta hana ni amsawa. Maigida lafiya, yara lafiya. Gwaggo ta amsa gaisuwarka, da ƙyar, amma ta amsa.

Na karanta abin da ka rubuta sau biyu. Na tausaya maka, kuma na ji kamar in shaƙe ka, duk a zama ɗaya. Har yanzu ban san wanne ya fi yawa ba. Allah ya ƙara maka lafiya. Bari in ba ka labarin nan, don ba daɗi gare shi ba.

Rahoton likita ya yi aiki. Jami'ai sun zo da mota biyu, suka rufe ɗakunan ƙasa. Benen kuwa ba a taɓa shi ba, masu hutu suna nan suna hutawa. Shugaba ya kwana ɗaya a hannun hukuma, washegari manyan mutane suka je suka fito da shi. Satin da ya wuce na ji shi a rediyo yana cewa hassada ce ake yi wa aikin alheri. Mai Makulli an mayar da ita sama, yanzu ita ke kula da labule.

Matan fa? Aka kwance su aka fito da su bakin ƙofa, aka ce dangi su zo su ɗauka. Jami'an suka shiga mota suka tafi, aikinsu ya ƙare. Dangin wasu sun zo. Na ga wani ya zo da mota mai kyau, ya leƙa ya ga yayarsa, ya ja gilashi ya juya. Har yamma saura tara zaune a gefen titi, ba su san ko'ina ba, yara suna jifansu.

Dattawanku ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Biyu daga cikin taran sun bi titi kafin mu kai gare su. Ɗaya har yau ba labari. Ɗayar, wata doguwa mai yawan gaishe ni idan na zo awo, an tsince ta bayan kwana huɗu a ƙarƙashin gada, mota ta buge ta. Ni da liman da mai walda muka je karɓo gawar. Ba wanda ya san sunanta na gaskiya. Da ban buɗe baki ba, da tana nan da rai a jikin zobe. Nakan juya wannan a raina ina taka keke.

Sauran bakwai matan makarantarmu ta Islamiyya ta ranar Asabar ne suka raba su a tsakaninsu. Ba mu da ƙungiya, ba mu da tambari. Mai sayar da kayan miya ta ɗauki ɗaya, ungozoma ta ɗauki biyu, wata bazawara mai ɗaki ɗaya ta ce a kawo mata wadda ta fi kowa rikici, ita ba ta da mai hana ta. Duk Talata muna jera su mu kai asibiti mu bi layi. Liman ya yi huɗuba a kan maganar, rabin masallaci sun ji daɗi, rabi sun ce ya tsufa. Abin ba sauƙi. Jiya ta gidan ungozoma ta fasa taga. Ni kuma mata uku sun kwashe ɗinkinsu daga shagona, wai ba za su sa kayan da mahaukaciya ta taɓa ba. Ɗaya daga cikinsu ita ce mai fara kuka idan ana wa'azin tausayi.

Mutanen da ka ba wasiƙata, biyu sun rubuto suna tambaya me za su yi. Na ce su zo su gani da idonsu tukuna, ko su turo wanda zai shiga har banɗaki. Kai ma haka nake ce maka. Ka nemi hutu ka zo. Ba sai ka riƙo komai ba, akwai layin Talata, muna neman mai riƙe mana wuri.

Auta tana samun sauƙi a hankali. Ƙafar ta warke, ta bar tabo. Tana zama da ni a shago tana saka maɓalli, hannunta ya fi nawa tsabta. Wata rana ta yi hira har da dariya, wata rana ta juya wa bango fuska tun safe har yamma. Ba ta yarda a rufe ƙofa idan tana ciki.

Ranar Lahadi, da na ga ta tashi da ɗan ƙarfi, na karanta mata wasiƙarka daga farko har ƙarshe. Ba ta ɗago ba, tana ta soka allura. Na gama, ta gama maɓallin da ke hannunta, ta ciji zaren. Ta tambaye ni ƙwayarka fara ce ƙarama, mai tsaga a tsakiya? Na ce ban sani ba, fara dai ka ce. Ta ce to irin tata ce.

Na ce me zan rubuta maka. Ta ɗauki wani maɓallin ta ɗora a kan riga. Sannan ta ce, "Ki ce masa ban yafe ba tukuna. Ki ce masa kuma kada ya sha ta da cikin wofi, tana sa jiri."

Na rubuta yadda ta faɗa.

Ƙanwarka Tela